Bangon da Yaya Ya Rufe

Yayana mai shafe ne. Ba ya ɗora bulo, ba ya zuba kankare. Sai magina sun gama nasu sun kwashe kayansu, sannan a kira shi ya zo ya yi wa bango sutura. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki, kuma da hannun hagu yake yi, shi ya sa duk inda ka shiga wurin masu gini ka ce Bahago, shi za a nuna maka. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijina ya rasu na dawo gidansa da zama, ƙofar ɗakina na kallon tasa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Gajere ne, ba shi da yawan magana, tafin hannunsa duk siminti ya cinye shi. Yana da wata ɗabi'a da take ba ni kunya: duk ɗakin da ya shiga sai ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kasa kunne. A asibiti ya yi, a gidan gaisuwar mutuwa ma ya yi, har na taka masa ƙafa. Matarsa ta rasu ta bar masa yara huɗu, ƙaramarsu tana shekara shida, kuma bai sake aure ba. Ita ƙaramar, Auta, shi ya riƙa yi mata wanka yana kai ta makaranta kafin ya wuce wurin aiki. Kitso ne kawai ya gagare shi, shi ma sai da ya gwada, yarinya ta je makaranta kai a karkace.

Aikinsa kashi biyu ne. Akwai sabon gini, wanda ba ni da ta cewa a kansa. Akwai kuma wanda dillalan gidaje suke kiransa, suna ce masa kwaskwarima. Gida ya tsufa ko ya tsage, mai shi yana son ya rabu da shi, sai a kira Bahago. Ya buɗe tsagar da kurfi, ƙarfen sassaƙar bango, ya cusa takardar buhun siminti a ciki, ya bi da shafe mai laushi. Idan daɓe ya lotsa a kusurwa, ya cike da ɓaraguzai ya daidaita, mai tayil ya zo ya shimfiɗa. Idan ƙofa tana cijewa, kafinta ya fere ta. Inda ya fi sauran masu shafe shi ne ba ya barin aikin ya yi kama da sabo. Bayan fenti ya bushe sai ya jiƙa tsumma da ruwan ƙasa ya ɗan goga a gindin bango, yadda mai saye zai ɗauka fentin shekara biyu ne. Dillalai suna rububinsa saboda wannan.

Na sha yi masa magana. Ni bakina ba ya shiru, kowa ya sani.

"Yaya, wannan ba ha'inci ba ne?"

"Ni na sayar da gida? Shafe aka ce in yi, na yi. Mai saye yana da ido."

"Idon da ka rufe masa?"

Sai ya ci gaba da wanke cokalin aikinsa kamar da bango nake magana.

Abin haushin kuma, duk unguwarmu babu wanda ya kai shi iya ba da shawarar sayen gida. Mutum zai zo ya zauna a kan bencin ƙofar gida, Yaya ya karanta masa tiryan-tiryan. Kada ka sayi gida da rani, in ji shi, ka jira ruwa ya sauka ka je ka tsaya a ciki ana tsuga shi. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, ka duba samanta ko an fere. Ka zuba ruwa a tsakar ɗaki ka ga inda zai gangara. Ka ƙwanƙwasa bango tun daga ƙasa har inda hannunka ya kai, inda ya yi ƙara kamar ganga akwai magana a ƙarƙashi. Takardu a kai wa wanda ya san takardu. Sannan ka bar dillali a tsaye, ka je ka nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a layin, ka tambaye shi me ke wurin kafin a yi ginin. Mutane su yi ta godiya suna sa masa albarka, ni kuwa ina daga ciki ina taɓe baki.

Auta ta yi aure, mijinta mai gyaran firiji ne, yaron kirki amma akwai son a ce ya isa. Shekara takwas suna gidan haya da yaransu biyu: mace 'yar shekara shida da kakanta yake kira Mai Surutu, da namiji ɗan shekara uku da yake kira Dunƙule. Mijin ya yi ta tari har ya samu abin sayen gida. Bai gaya wa surukinsa ba. Wai so yake ya ba shi mamaki, kada a ce komai sai an riƙe masa hannu. Sai da suka tare da kwana ɗaya sannan Auta ta bugo waya tana dariya, ta ce mu zo mu sa albarka.

Da hantsi muka je. Tun daga bakin layin na ga tafiyar Yaya ta canza. Ya tsaya ya dubi wani shagon mai wanki, ya dubi turken wutar lantarki, ya ce da ni, "Wane gida ta ce?" Na ce na huɗu a hannun dama, mai koren ƙyaure. Ya ce, "Da ba kore ba ne." Ban gane ba a lokacin.

Gida ne madaidaici: tsakar gida da famfo, falo, ɗakin Auta, kicin, sai wani ɗaki a can ƙurya wanda rufinsa kankare ne, don wanda ya gina ya so ya ɗora bene bai samu iko ba. Mijin Auta yana gaba yana nuna mana, baki har kunne.

"Baba, duba shafen nan. Na ce ko kai ka gani sai ka yaba."

Yaran suka kama hannun kakansu, ɗaya dama ɗaya hagu, suka ja shi ɗakin ƙuryar. Nasu ne. An shimfiɗa musu katifa a kusurwa, Mai Surutu har ta manna zanenta a bango. Yaya bai ƙwanƙwasa ba, karo na farko a rayuwata da na ga ya shiga ɗaki bai yi ba. Tafin hannu ya ɗora ya shafa daga sama zuwa ƙasa. Mai shafe da dama hannunsa yana zagawa ta gefe ɗaya, na bahago ta ɗaya gefen, kuma ko an yi fenti sau uku wanda ya sani zai ji a hannunsa. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya zauna a ƙasa daɓas.

Auta ta ce, "Baba, lafiya?"

"Rana ce. Ba ni ruwa."

Ya sha, ya yi addu'a da wata murya da ban san shi da ita ba, muka fito. Sai da muka iso gida ya rufe ƙofa sannan ya faɗa mini. Shekara uku da suka wuce wani dillali ya kai shi gidan nan. Bangon ɗakin ƙuryar ya dare, hannu yana shiga har wuyan hannu. Kusurwar ta lotsa. A rufin kankaren rodi ya fito fili, duk ya yi tsatsa. Yana cikin aiki wani tsoho maƙwabci ya leƙo ya ce masa a nan wurin da rijiya ce, babba, aka yi ta zuba mata shara har ta cika, wani ya zo ya yi gini a kai. Yaya ya ji, ya ce Allah ya kyauta, ya ƙarasa aikinsa cikin kwana shida. Tun daga nan gidan ya canza hannu sau biyu.

Na ce, "Wace kusurwar?"

Kafin in rufe baki na gane: kusurwar da katifar yaran take ce.

"Tashi mu koma yanzu ka gaya musu."

"Da wane baki? Yaron nan duk abin da ya tara a duniya yana cikin gidan nan. In ce masa ni na rufe? In dubi Auta in ce ni ne?"

"To gara ya rufta da su?"

"Ki daina faɗin haka!" Ban taɓa jin ya daka mini tsawa ba sai ranar. Sannan ya sassauta. "Shekara uku yana tsaye. Damina da saura. Ki ba ni kwana biyu, zan san yadda zan fitar da su ba tare da an yi tashin hankali ba."

Kwana biyun nan su suka zama goma sha tara. Kuma gara in faɗa tun yanzu, kada in wanke kaina: ni ma ina da baki, ina da lambar Auta a wayata. Kullum sai na ɗauko wayar in ajiye. Tsoron abin da zai faru da yaran yana cina, tsoron abin da zai faru da Yaya idan na tona shi ma yana cina, na zauna a tsakiya kamar sakarya.

Shi kuwa dabaru ya shiga yi. Ya je ya ce wa Auta ɗakin yana da danshi, a mayar da yaran falo. Ta yi dariya ta ce, "Baba, danshi a wannan zafin?" Ta gwada dai don ta faranta masa, yaran suka yi ta kuka sai ɗakinsu, washegari aka mayar da su. Ya ce yana kewar jikokinsa, a ba shi su su kwana biyu a wurinmu. Auta ta ji daɗi har ta haɗo musu kaya. Kwana huɗu suka yi, a kwanakin nan ne kawai na ga ya ci abinci kamar mutum. Amma makarantar Mai Surutu ta yi nisa daga gidanmu, uban ya ce a dawo da su.

Ranar da Yaya ya mayar da su ya faki ido ya shiga ɗakin da ɗan siminti a leda da wani siririn ɓallin gilashi. Ya ja akwatin kayan yaran, ya manna gilashin a kan inda ya san tsagar take, ya mayar da akwatin. Haka masu gini suke gwada bango: idan yana motsi, gilashin zai karye ko da ido bai ga komai ba. Kullum da la'asar sai ya ƙirƙiro dalilin zuwa. Yau ya kawo lemo, gobe ya zo duba famfo. Mijin Auta har ya fara tsokana, wai Baba ya fi su son gidan. A rana ta biyar ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya buɗe tafin hannunsa. Gilashin ne, gida biyu.

Daga ranar ya daina zuwa aiki. Sai ya fito tsakar gida ya ɗaga kai yana duban gabas. Iska ta ɗan kaɗa labule, ya miƙe zumbur. Mota mai nauyi ta wuce a titi, ya dafe ƙirji. Ya rame, wandonsa sai da ya ƙara masa igiya. Ni ma ko wayata ce ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in kasa duba sunan mai kira.

Yaya ya je wurin dillalin. Da ya dawo ya ba ni labari, yana magana yana kallon ƙasa. Ya roƙe shi ya karɓi gidan ya mayar wa yaron abinsa. Dillalin ya yi dariya har da buga cinya.

"Haba Bahago, kai da ka san harkar? An saya an sayar, magana ta ƙare. Amma don kai ne, ga mafita. Ka lallaba surukinka ya sa shi a kasuwa, ka ce ka samo masa wanda ya fi shi. Ka ɗan sake bi ta kan bangon, ni kuma kafin ruwa ya sauka na kawo mai saye. Kowa ya huta."

Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce zan yi tunani."

"Za ka yi tunani." Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. "Wato 'ya'yan wani su zo su kwanta a kusurwar. Su ba su da kaka ko? Su daga sama suka faɗo? Wallahi Yaya, idan ka ɗauki cokalin nan ka nufi gidan nan, ni zan tsaya a bakin layi in yi ta shela har mai sayen ya ji."

Na wanke shi tas, ban rage komai ba. Da na gama sai ya ce a hankali, "Gobe zan gaya musu." Gobe ta zo ya ce mijin ya tafi aiki wani wuri mai nisa, a bari ya dawo. Jibi ya ce kansa na ciwo.

Rana ta goma sha tara, wajen azahar, hadari ya taso ba zato. Ba a yi minti goma ba gari ya yi duhu, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Yaya yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ruwa na fantsamo masa a ƙafa bai matsa ba. An fi awa ɗaya ana yi, sai wayarsa ta yi ƙara. Garin ɗauka ya danna inda kowa zai ji.

Muryar Auta ce, hankalinta kwance. "Baba, kana da lambar wani kafinta? Ƙofar ɗakin yara ce ta ƙi buɗewa. Na tura na tura. Ina jin ruwa ne ya kumbura ta."

"Suna ina?"

"Su wa?"

"Yaran!"

"Suna ciki mana, barci suke. Na ce in tashe su su ci abinci ne..."

"Kada ki ƙara taɓa ƙofar nan. Kin ji ni? Kada ki tura, kada ki buga. Ga ni nan."

Ya suri jakar kayan aikinsa da dagi, dogon ƙarfen nan na haƙa, ya fita ba takalmi. Na bi shi da mayafi a hannu. Babu abin hawa a titi, kowa ya fake. Mutumin da ya haura sittin ya yi ta gudu cikin ruwa har gwiwa, ni ina baya ina salati ina faɗuwa ina tashi. Ban san yadda muka isa ba.

Mun tarar da Auta a ƙofar ɗakin, da wani maƙwabci ƙato da ta kira, yana ja da baya zai banke ƙofar da kafaɗa. Yaya ya yi kukan kura ya riƙe shi.

"Kada ka yi! Dubi sama."

Muka duba. Shafen da ke saman ƙofar ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, gari yana zubowa siriri. Bangon ya sauko ya zauna a kan ƙofar. Ba kumbura ta yi ba, nauyi ne a kanta, kuma a wannan lokacin ita take riƙe da abin da ke sama. Taga kuwa ƙarafa ne a jikinta. Auta ta dubi tsagar, ta dubi ubanta.

Yaya ya durƙusa ya fiddo kurfi da guduma. Ƙofar katako ce mai falle biyu, sama da ƙasa. Fallen ƙasa ya nufa, yana bugawa a hankali, ƙwas, ƙwas, kowane bugu sai ya ɗaga kai ya duba sama. Ban taɓa ganin aiki mai jinkiri irin wannan ba. Ruwa yana dukan kwanon falo, amma ta ƙarƙashin ƙarar ina jin wata ƙara daban daga cikin ɗakin, ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Tayil ne yake fashewa. Na jingina da bango, na tuna wane irin bango ne na janye.

Bugun ya tashi Mai Surutu. "Umma, wa ke buga mana ƙofa? Umma, ƙasa ta fashe, ruwa yana fitowa."

Auta ta toshe bakinta da hannu biyu. Yaya ya ce, da muryar wasan da yake musu, "Ni ne, sarkin surutu. Wasa za mu yi. Tashi ƙaninki ku zo nan bakin ƙofa, ku bi ta jikin bango, kada ku bi ta tsakiya."

Fallen ya fita. Ramin bai fi a tura bokiti ba. Mai Surutu ta rarrafo, uwar ta fizge ta. Dunƙule ya ƙi. Ya tashi daga barci ya ga duhu da hayaniya, ya koma kan katifar can kusurwa ya zauna yana kuka. Auta ta zube za ta cusa kai, kafaɗarta ta ƙi shiga. Yaya ya janye ta, ya kwanta rub da ciki ya sa fuskarsa a ramin.

"Dunƙule. Kai, Dunƙule. Ashe rago ne kai? Yayarka ta riga ka, ta ce ita za ta cinye lemon da na kawo. In ba ta?"

Kukan ya tsaya. "A'a."

"To zo ka karɓa. Da rarrafe, irin na kyanwa. Yauwa. Ƙara matsowa."

Ina kallon bayan wuyan Yaya, garin siminti yana zuba a kai yana taruwa. Sai na ga ya miƙa hannun hagu ciki har kafaɗa, ya jawo yaron ta hammata. Muka kwasa gaba ɗaya muka yi waje, muka tsaya a tsakiyar layi cikin ruwa, babu wanda ya yi tunanin fakewa.

Ɗakin bai faɗi ba. Ruwa ya ɗauke, yana nan tsaye. Mijin Auta ya iso a kan babur a jiƙe, ya ga 'ya'yansa lafiya, ya ga ƙofa a fashe da mutane cike da gidansa, ya fara faɗa.

"Don ƙofa ta cije sai a farfasa ta? Baba, ai da an jira ni. Sabon gida fa!"

Yaya ya aro katakai biyu a wurin maƙwabci ya tokare saman ƙofar, ya ɓalle sauran fallen, ya hana kowa binsa. Muna daga waje muna leƙe. Ya ja katifar gefe. Tayil ɗin da ke ƙarƙashinta ya fashe ya lotsa kamar faranti. Ya ɗaga dagi ya dasa a wurin, ba da ƙarfi ba. Ƙarfen da ya kusa kai tsayinsa ya shige salin-alin har inda ya riƙe. Da ya saki, ya tafi gaba ɗaya, sai da muka ɗan jira sannan muka ji ya faɗa ruwa a can ƙasa.

Mijin Auta ya zauna a kan bakin famfo. "Innalillahi. Baba, ya aka yi ka san wurin?"

Yaya ya fito, ya tsaya a tsakar gida a gaban maƙwabta da kowa, ya faɗa. Bai rage ba, bai kuma ambaci dillali don ya raba laifi ba. Ya ce rijiya ce, an gaya masa, shi ya cike kusurwar, shi ya rufe bangon da rufin, da hannunsa.

Na ɗauka mijin ne zai yi hauka. Shi sai ya dafe kai kawai. Auta ce ta yi magana, tana goye da Dunƙule, Mai Surutu na riƙe da zaninta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, yaushe ka gane gidan ne?"

"Ranar da muka zo sa albarka."

Na ga leɓenta yana motsi, tana ƙirga kwanakin. "Ranar da ka ce rana ce ta buge ka."

"E."

"Da ka zo ka ɗauke su kwana huɗu, na yi ta murna ina gaya wa mutane Baba yana kewar jikokinsa." Ta gyara goyon. "Kuma ka dawo da su. Da hannunka ka dawo da su, ka ga na shimfiɗa musu a wurin."

Sannan ta juyo gare ni. "Gwaggo, ke ma?"

Na sunkuyar da kai. Duk bakin nan nawa, ranar ban samu kalma ɗaya ba.

An kawo injiniya ya duba, ya ce sauran gidan yana kan ƙasa mai kyau, ɗakin ne kawai. Aka rushe shi, aka kwashe sharar rijiyar har ƙasa, aka cike ta yadda ya kamata. Wata biyu Yaya yana can kullum tun safe, ba a matsayin mai shafe ba, a matsayin lebura, yana ɗaukar ɓaraguzai a ka. Babu wanda ya kira shi, babu wanda ya kore shi. Wurin yanzu fili ne, Auta tana shanya a kai. Mijin ya daɗe yana gaishe shi sama-sama, daga baya ya sake, har yakan kira shi idan zai yi wani gyara. Dillalai sun yi ta aike, Yaya ya ce a ce ba ya nan, har suka gaji suka samu wani.

Auta ba ta yi gaba da ubanta ba. Da ta yi, ina jin da ya fi masa sauƙi. Duk ƙarshen mako tana zuwa da yaran, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa abinci, ta tambayi ƙafarsa. Yaran su haye shi, ya yi musu doki. Amma shekara biyu ke nan ba ta taɓa barinsu a wurinmu ba, ko na zuwa kasuwa ta dawo.

Makon da ya wuce, da za su tafi, Dunƙule ya maƙale a wuyan kakansa ya ce shi a nan zai kwana. Na ga yadda Yaya ya dubi Auta. Tana tsaye a tsakiyar ɗakinsa, ɗakin da aka haife ta, inda ya yi ta goyonta bayan uwarta ta rasu. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta bi bangon da ido har ƙasa, bangon da shi ya shafe shi sumul. Sannan ta ɓamɓare hannun yaron daga wuyansa a hankali.

"Wani lokaci, Baba," ta ce. "Dunƙule, sa takalminka mu tafi."